Rasuwar Mararraba Mai Harshe Goma Sha Ɗaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idon da har yau bai daina yaji ba saboda hayaƙi, ni Buraima ɗan Alfa Issaka, tsohon ma'aikacin sigina a layin dogo, mazaunin Zongo a birnin Lomé, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar babbar mararrabar ƙaramin jirgin ƙasana. Ina sanar da na Zongo, da na Agoè, da na Asigame, har da na Adakpamé, duk da cewa su sun riga kowa ji. Ta rasu ranar Asabar bayan La'asar, ana saura kwana huɗu Babbar Sallah, tana da shekara goma sha tara. Kafin in rubuta wannan takarda sai da na tambayi limaminmu ko ya halatta mutum ya yi salati a kan abin da ba shi da rai. Ya ce duk asarar da ta taɓa zuciyar bawa ana mayar da ita ga Allah, amma kada in kuskura in nemi ya yi mata salla. Na amince da wannan.

Ga wanda bai san marigayiyar ba, bari in gabatar da ita. A ɗakin baya na gidana akwai teburin katako da ya kai faɗin tabarma uku. A kansa na shimfiɗa layin dogo, siriri kamar tsinken tsintsiya, da tasha, da gada, da tudu, da jiragen da kowane tarago bai wuce sandar sabulu ba. Suna tafiya da wutar lantarki. A tsakiyar teburin ne layuka shida suke haɗuwa su sarƙe, su sake rabuwa. Wannan wurin haɗuwar ita ce mararraba, ita ce kuma ta rasu. Harsuna su ne ƙananan ƙarafan da ke motsawa su karkatar da jirgi daga wannan layi zuwa wancan. Tana da goma sha ɗaya.

An haife ta a shekarar da na bar aiki. A lokacin an daɗe da daina jigilar fasinja zuwa Blitta, ni kuwa na saba tashi da asuba in duba sigina, sai na wayi gari ba abin da zan duba. Wata rana ina yawo a wajen masu kayan gwanjo kusa da tashar jiragen ruwa, na ga wani kwali da ruwa ya taɓa, cike da guntayen layi da kan jirgi guda ɗaya mai launin kore. Mai kayan ya ɗauka abin wasan yara ne. Ban gyara masa ba. Na ɗora kwalin a kan zemijan, wato babur ɗin haya, na rungume shi har Zongo.

Halinta na gari ba ya lissaftuwa, amma zan faɗi abin da ya sawwaƙa. Wanda ya kalli saman teburin bai ga komai ba, domin aikin duk yana ƙasa. Kowane layi yana da ƙarfe biyu, na dama yana ɗauke da wutar jar waya, na hagu yana ɗauke da ta baƙa, kuma haramun ne su taɓa juna. To, a mararraba dole layi ya ratsa layi, dole na dama ya tsallaka na hagu. Inda suke gicciyewa, wurin da Faransawa ke kira zuciya, sai an sa zarto an yanka ƙarfen, an bar rata kamar kaurin farce, sannan a kawo masa wayarsa daban wadda za ta riƙa sauya wuta duk lokacin da harshe ya motsa. Zuciya goma sha ɗaya, da gicciye biyu, kowacce da nata hukuncin. Wayoyin da ke ƙarƙashin teburin sun kai ɗari biyu da goma sha huɗu. Da launuka suka ƙare mini, sai na riƙa ɗaura musu zaren ɗinkin matata Kulsum don in bambance su, har ta daina tambayar inda zarenta yake tafiya.

Ba ta da hayaniya. In ka danna maɓalli a allon da ke gefen tebur, sai ka ji “ƙas” a ƙasa, harshe ya juya, sannan “tak”, fitilar sigina ta koma kore. Kan jirgi ya taho yana “shiii”, ya ratsa ta yana “kararas, kararas”, ya fita ta inda aka umarce shi. A shekara goma sha tara ba ta taɓa haɗa jirgi biyu karo ba, sai sau ɗaya, shi ma ƙadangare ne ya kwanta a kan harshe na bakwai. Ta yi haƙuri da ɗaukewar wuta. Ta yi haƙuri da iskar teku da ke sa ƙarfe tsatsa ko a nan nesa da bakin ruwa. Ba ta taɓa neman wani abu daga wurina ba sai tsumma da ɗan man keke.

Ba ni kaɗai na raine ta ba, kuma tunda takardar mutuwa ba wurin ƙarya ba ce, dole in faɗa. 'Yata Hamdiya tana da shekara goma sha ɗaya muka fara. A ƙarƙashin wannan teburin ta koyi riƙe ƙarfen dalma, ta koyi yadda ake ɗiga dalma a kan waya ta fito ƙarama tana sheƙi. Daga nan ta yi karatun lantarki. Yanzu shekararta talatin, tana da mijinta da ɗakinta, kuma ita ke duba wutar manyan injinan da ke ɗaga kwantena a tashar jiragen ruwa. Duk ranar Lahadi takan zo mu shiga ƙarƙashin tebur tare.

Mutanen Zongo sun san darajar marigayiyar. Kowace Sallah, da an sauko daga Idi an ci abinci, takalma sukan cika tsakar gidana har bakin zaure. Ana shiga goma goma. Tsofaffin da suka taɓa hawa jirgi da buhunan goro su tsaya shiru, wani ya nuna tasha ya ce wallahi haka take, har da bishiyar mangwaron. Akwai wata dattijuwa, Hajiya Rahmatu, da ke zuwa daga Asigame duk shekara, ta ce a jirgi aka kawo ta Lomé tana amarya, sai ta roƙe ni in tsayar mata da koren a tasha minti ɗaya. Ina tsayarwa. A waɗannan ranaku ba wanda ke kirana tsoho. Shef ake ce mini, wato shugaba, kamar lokacin ina aiki.

Ciwon ajalinta ya fara shekara uku da suka wuce, kuma ba a jikinta ya fara ba. A Adakpamé ya fara.

Kulsum tana da ƙane a Adakpamé, Alhaji Salim, mai fitar wa mutane da kaya daga tashar jiragen ruwa. Ni na kai shi makaranta a kan kekena yana yaro. Shekara goma sha shida yana zuwa gidana da Sallah, ya leƙa ɗakin, ya yi dariya, ya ce Yaya Buraima har yanzu ana wasa. Sai wata rana aka buɗe wata kwantena a gabansa, aka tarar da kayan wani Bature da ya mutu, 'ya'yansa suka tattara jiragensa kaf suka sayar. Salim ya kwashe. Ya gina musu ɗaki a saman bene, ya sa tayil, ya sa na'urar sanyi. Irin na zamani ne. Waya biyu rak ke shiga teburin, sauran duk wani ɗan akwati ne ke yi, kuma da salula ake tuƙa su. Mutumin da bai san bambancin jar waya da baƙa ba, ya zauna a kujera mai laushi yana shafa gilashi da yatsa, jirage takwas suna masa biyayya. Suna ma yin ƙara irin ta jirgin gaske, har da busa.

Sallar farko takalman tsakar gidana suka ragu da rabi. Ta biyu kuwa, na goge layi tun da safe, na sa rigata fara ƙal, na zauna. Mutum tara suka zo. Hajiya Rahmatu ba ta cikinsu. Daga baya na ji an ce jikanta ne ya kai ta Adakpamé a mota, kuma da jirgin ya yi busa sai da ta yi hawaye. Ni shekara goma sha bakwai ina tsayar mata da jirgi a tasha, ban taɓa ganin hawayenta ba.

Duk wannan da na haɗiye shi. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne Lahadi. Salim bai iya haɗa komai ba, sai ya kira 'yar yayarsa Hamdiya, kuma gidansa yana kan hanyarta ta dawowa daga aiki. Da farko Hamdiya ta riƙa zuwa wurina Lahadi ɗaya, ta tsallake ɗaya. Daga baya sai ta zo ta gaishe mu, ta ci abincin uwarta, ta ce Kawu yana jira. Nakan ce Allah ya kiyaye hanya. In ta fita, in shiga ɗakin baya in yi ta danna maɓallai ba tare da na saki ko jirgi ɗaya ba.

Sau ɗaya na je na gani, Kulsum ce ta matsa. Sanyin ɗakin ya shige mini gwiwa. Na yi ta neman aibi. Na ce ciyawar ta yi kore da yawa, ba a ƙasarmu ake irinta ba. Na ce gidajen duk na Turawa ne, ba ko masallaci. Salim yana ta cewa gaskiya ne Yaya, gaskiya ne. Sai na durƙusa kamar zan gyara takalmi, na leƙa ƙasan tebur. Ɗigon dalmar da na gani ƙanana ne, masu sheƙi, a jere. Hannun Hamdiya ne. Hannuna ne, in an bi asali. A ƙarshen teburin kuma ga wata mararraba mai kusurwa uku, inda kan jirgi ke shiga ta nan, ya ja da baya ta can, ya fito ya juya fuskarsa gaba ɗaya ba tare da an taɓa shi ba. Ni ba ni da irinta. Ina durƙushe na ji Salim yana ce wa 'yata: “Injiniya, me kika gani, a ƙara layi a nan ko a bari?” Ta ce a bari. Ya ce to an bari.

Tun daga ranar abinci ya daina yi mini daɗi. In zemijan ya wuce da ni ta hanyar gabas, wajen Adakpamé, sai in kau da kai. Na fara cewa a majalisa wai jirgin da ake tuƙawa da salula ba jirgi ba ne, talabijin ne. Mutane su yi dariya, ranar Lahadi kuma su tafi kallon talabijin ɗin.

Da Babbar Sallar bana ta matso, na yanke shawara zan yi wa marigayiyar kusurwa uku, da hannuna, ba da akwatin kowa ba. Aikin yana da haɗari, kuma na san haɗarin. Idan kan jirgi ya juya, ƙarfen da yake damansa ya koma hagunsa, wato ja ta zo ta tarar da baƙa fuska da fuska. Sai an raba wani yanki na layin, an yanka shi ta kowane gefe, an sa makunnin da zai juya wutarsa daidai lokacin da jirgi yake ciki. A fili wannan ba wuya. Amma ni zan dasa shi ne a jikin tsohuwa mai waya ɗari biyu da goma sha huɗu, wadda rabin wayoyinta idona ya daina bambance launinsu.

Kulsum ta ce in kira 'yata. Na ce kafin a haifi 'yata ina haɗa sigina. Ta ce ta sani, ai tana nan a lokacin. 

Kwana goma sha biyu ina shiga bayan karin kumallo, in kulle ƙofa, ba na fitowa sai kiran Azahar. Bayana ya ƙage. Dalma ta ɗiga mini a wuya. A kwana na goma na gama, na kunna, fis, ɗan abin nan da ke tsinke wuta in ta yi yawa, ya ƙone. Na sa wani, ya ƙone. Na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, na sami kuskure biyu na gyara, na sa na uku. Ya riƙe, har sai da jirgi ya sa ƙafa a kusurwar, sannan ya ƙone. Na huɗu ma haka. Fis yana gaya mini gaskiya, akwai inda ban yanka ba, ni kuwa na riga na aika wa Salim cewa ya zo ranar Asabar ya ga wani abu. Sai na ce wa kaina fis ɗin yanzu ba su da ƙwari, abu kaɗan ke kashe su. Na yanko guntun jan ƙarfe mai kauri na cusa a gurbinsa. Shekara talatin ina aiki, duk wanda na kama ya yi haka a ƙarƙashina sai na kore shi gida. Ban gwada ba bayan na sa. Ina jin tsoron abin da zan gani.

Ranar Asabar Salim ya zo bayan La'asar da babbar rigarsa ta shadda, ruwan toka, sabuwa. Maƙwabta huɗu suka shigo. Hamdiya ma ta zo kai tsaye daga aiki, uwarta ce ta kira ta ban sani ba. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon sabon aikin. Ta daɗe tana bin layin da ido, sannan ta tambaye ni a hankali ko a ina na yanka ƙafa ta uku ta kusurwar. Na ce mata yau 'yar kallo ce, ta samu wuri ta zauna. Ba ta zauna ba. Ta matsa kusa da babban makunnin gida da ke bango.

Na saki koren, ɗan farina. Ya fito daga tasha, ya ratsa mararraba yana “kararas, kararas” kamar kullum, ya hau kusurwar. Ƙafa ta farko lafiya. Ya ja da baya a ta biyu lafiya. Na ɗaga ido na kalli Salim, na ga bakinsa a buɗe, kuma ina roƙon Allah ya yafe mini daɗin da na ji a wannan lokacin. Na danna maɓalli na ƙarshe.

Jirgin ya tsaya cak. Daga ƙasan tebur wata murya ta taso wadda ban taɓa jin marigayiyar ta yi ba, “mmmmm”, mai kauri. Sai harsunan nan goma sha ɗaya suka fara kaɗawa su kaɗai, “ƙas, ƙas, ƙas-ƙas-ƙas”. Fitilun sigina suka yi haske gaba ɗaya, ja da kore tare. Hamdiya ta kashe wutar gidan, amma an makara. Robar wayoyi ta riga ta narke, zaren ɗinki na shekara goma sha tara ya kama, wuta ta lashi ƙasan katakon. Ni dai ina tsaye da yatsana a kan maɓalli, na kasa motsi. Maƙwabta suka yi waje neman ruwa. Salim ne ya tuɓe babbar rigarsa, ya shiga ƙarƙashin tebur da rarrafe, ya danne wutar da ita, yana bugu da tafin hannu har ta mutu. Sauti na ƙarshe da ta yi shi ne wani ɗan “tak”, lokacin da fitilar harshe na uku ta fashe.

Salim ya fito yana tari, hannunsa na dama ya tashi, rigar ta zama tsumma. Da ya yi mini dariya da na ji sauƙi. Bai yi ba. Ya ce sannu Yaya, ya ce kada in damu, yana da akwati na biyu da ba ya amfani da shi, gobe zai aiko. A nan ne na faɗi abin da ya fi jan ƙarfen muni. Na ce masa a gaban mutane, shekara goma sha tara tana lafiya sai yau da ya zuba mata ido.  Kulsum ta kama ƙanenta ta fita da shi don ta sa masa magani, ba ta kalle ni ba.

Muka rage ni da Hamdiya. Ta kunna tocila, ta shiga ƙasa, ta daɗe. Da ta fito, ta kama hannuna ta buɗe, ta ajiye mini guntun jan ƙarfen nan, ya yi baƙi, ta rufe yatsuna a kansa. Ba ta gaya wa kowa ba, har uwarta. Ni ne nake faɗa yau da bakina.

Maimakon in yi shiru, sai na ce da tana zuwa ranar Lahadi da haka ba ta faru ba. Na ce ta bar gidan da ta koyi aiki ta je tana yi wa mai salula bauta. Ta saurare ni har na gama.

“Baba, shekara biyar da suka wuce na zana maka wannan kusurwar a takarda, har da inda za a yanka. Ka ce in ajiye. Shekara goma sha tara ina riƙe maka tocila, ban taɓa danna maɓalli ba sai ka ce danna. Ko makullin ɗakin nan ban taɓa riƙewa ba.”

Na ce ai tebur nawa ne.

“Naka ne, shi ya sa na bar maka. Jiragen Kawu ba su kai naka ba, ko kusa. Amma a can in na ce a yanka nan, yankawa ake yi.”

Ta ɗauki jakarta, ta durƙusa ta yi mini sallama yadda ta saba, ta tafi. Ranar Sallah ta zo da mijinta suka gaishe mu a zaure, ba ta shiga ciki ba. Takardar da ta ce ta zana kuwa na neme ta na samu, a ninke cikin gwangwanin ƙusoshi. Yanka shida ta nuna. Ni biyar na yi.

Marigayiyar ta rasu ta bar kan jirgi uku, ciki har da koren, wanda ƙafafunsa suka narke, yana kwance a kan auduga ba a san yadda za ta kasance da shi ba. Ta bar taragai ashirin da biyu, da tasha ɗaya wadda hayaƙi ya ɓata wa fenti, da gada, da bishiyar mangwaro, da mutanen roba goma sha bakwai da har yanzu suke tsaye a dandamali da jakunkunansu. Ta bar Kulsum, wadda ta yi kwana uku ba ta ce mini komai ba sai ga abinci. Ta bar ni.

Bayan Sallah da kwana biyu na hau zemijan na tafi Adakpamé duba hannun Salim. Hanyar ba ta taɓa yi mini tsawo haka ba. Na tarar da shi a naɗe da bandeji. Na ce masa maganar da na faɗa ba gaskiya ba ce, ni na kashe ta, na ciro jan ƙarfen daga aljihu na nuna masa. Bai san ko mene ne ba, sai da na yi masa bayani. Ya ce komai ya wuce, ni ne babba. Na lura ya sa an rufe ƙofar benen don kada in ji busar jiragensa, kuma wannan kirkin nasa ma sai da ya ƙona mini rai. Akwatinsa na ce na gode, ya riƙe abinsa. Da zan tafi ya raka ni bakin ƙofa, ya ce tun ranar Asabar shi ma Hamdiya ba ta leƙo shi ba, wani jirginsa ya maƙale a tudu, ya rasa yadda zai yi. Na ce Allah ya kyauta. Zan ɓoye wa mutane amma ba zan ɓoye wa Allah ba: a kan babur ina dawowa, sai da na yi murmushi.

Game da jana'iza, ga yadda aka tsara. Za a yi ta a gidana a Zongo ranar Lahadi mai zuwa bayan La'asar, in Allah ya kai mu. Za a kifa teburin, a kwance wayoyin ɗaya bayan ɗaya, abin da ya ƙone a ba masu tsohon ƙarfe. Allon maɓallai za a wanke shi a rataye a bango. Akwai shayi da ƙosai. Masu zuwa ta'aziyya ina roƙonsu da girman Allah kada kowa ya ce mini ai yanzu an daina yin irin wannan, kuma kada a kwatanta mamaciya da masu rai. An tanadar wa Alhaji Salim kujera a gaba saboda hannunsa, da sharaɗin salularsa ta zauna a aljihu. Hajiya Rahmatu, in labari ya kai mata, ƙofa a buɗe take.

Sai dai akwai abin da ya kamata masu zuwa su sani. Ɗakin a kulle yake, makullin kuma ba ya hannuna. Ranar Talata na ba Kulsum shi ta kai wa Hamdiya, tare da takardarta, na ce ta gaya mata katakon yana da sauran ƙarfi, kuma duk inda ta ce a yanka za a yanka. Kulsum ta dawo ta ce ta karɓa, ta jefa a jaka, ta ce ta ji. Ba ta ce za ta zo ba, ba ta kuma mayar da makullin ba. Saboda haka wanda ya zo ranar Lahadi ya tarar da mu zaune a tsakar gida, ya yi haƙuri ya samu tabarma. In Magariba ta yi ba a buɗe ba, za a ɗaga zuwa Lahadi ta gaba. Ba za a fara ba sai ta zo.